Gefen Fili: Matsi tun daga gaba, da yinin da ya kunyata mu a Illela



Cikin wasiƙun da suka iso mana a makon nan akwai ta wani ɗalibi ɗan aji biyu na babbar sakandare daga Illela. Shi ne kyaftin ɗin ƙungiyar ajinsu, kuma saura mako uku su buga wasan ƙarshe na gasar azuzuwa. Ya ce sun yanke shawarar su buga irin wasan Liverpool ta zamanin Klopp, wato da zarar abokan karawa sun riƙe ƙwallo a gidansu sai a yi musu caa, kada a bari su numfasa. Sun gwada a wasan sada zumunta, aka zura musu huɗu, yara biyu kuma suka nemi a canza su tun kafin hutun rabin lokaci. Yanzu ƙungiya ta rabu biyu. Wasu na cewa a koma tsaron gida, wasu na cewa kyaftin ne bai san abin da yake yi ba. Tambayarsa ita ce: a ci gaba ko a bari?

Ƙanena, da na karanta wasiƙarka sai da na yi dariya, amma kaina nake yi wa, domin na riga ka faɗawa wannan rami, kuma a garinku na faɗa.

A 2019 ina koyarwa a Illela, ni ne kuma malamin wasanni. Ranar 7 ga Mayu, a farkon azumin shekarar, muka idar da asham na wuce gidan kallo. Barcelona ta ci Liverpool 3-0 a wasan farko na kusa da ƙarshe a gasar Zakarun Turai, ga shi Salah da Firmino ba su da lafiyar buga na biyu, don haka kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Aka tashi Liverpool na da 4, Barcelona na nema. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda biyun farko suka shiga. Ta farko, a minti na 7, Jordi Alba ya sa wa ƙwallo kai zai mayar baya, Sadio Mane na kusa da shi ya tsince ta, Henderson ya buga, gola ya ture, Origi ya ƙarasa. Ta biyu, a minti na 54, Alexander-Arnold ya ƙwace ƙwallo a ƙafar Alba ɗin dai, a bakin layin gefe, ya aiko ta ƙasa-ƙasa, Wijnaldum ya zura. Duka biyun daga ƙwallon da aka karɓe a gidan Barcelona suka fito.

Bayan Sallah, kafin a rufe boda a watan Agustan shekarar, muka shirya wasan sada zumunta da wasu samari daga Birnin Konni. Na tara yarana na ce musu, "Yau ba mai tsayawa. Duk inda ƙwallo take ku bi ta." Iyakar dabarar da na ba su ke nan. Minti goma na farko sai ka rantse za mu cinye su ɗanye. A minti na goma sha biyar golansu ya gane mu. Ya daina bai wa 'yan bayansa, ya riƙa ɗaga ta sama tana wuce yarana bakwai da suka tafi farauta, tana sauka a tsakiyar fili inda babu kowa namu. Kafin hutu an ci mu uku. Lamba takwas ɗina ya zo ya dafa gwiwa yana haki, ya ce, "Malam, wanga gudu mi a amfaninshi?" Ban da amsar da zan ba shi a ranar. Yau nake so in ba shi, in ba ka.

Mu fara da ribar abin. Babban fili tsawonsa mita 105 ne, faɗinsa 68. In ka karɓe ƙwallo a bakin ragarku, kana da tafiyar mita tamanin ko fiye, kuma mutum goma sha ɗaya na gabanka sun shirya. In ka karɓe ta a bakin yadi na 18 ɗinsu, saura mita ashirin, kuma ka same su a warwatse, domin duk ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo buɗewa take yi: 'yan baya biyu sun raba, na gefe sun haura, na tsakiya sun juya baya suna jiran fasin. A wannan daƙiƙar babu wanda ke tsaye a wurin tsaronsa. Shi ya sa Klopp ya taɓa cewa babu wani gwanin raba ƙwallo a duniya da ya kai matsi mai kyau ƙirƙiro damar ci.

Dabarar ta girmi Klopp nesa ba kusa ba. Rinus Michels ya yi ta da Ajax da kuma Holland ta su Cruyff, wadda ta kai wasan ƙarshe na Kofin Duniya a 1974. Arrigo Sacchi, wanda bai taɓa zama ƙwararren ɗan wasa ba, takalma ma ya taɓa sayarwa, ya ci kofin Turai da ita a AC Milan a 1989 da 1990. Guardiola ya yi tasa a Barcelona. Klopp ya ci gasar Jamus da ita a Dortmund a 2011 da 2012 kafin ya zo Liverpool a 2015. Dokoki biyu kuma suka ƙara mata kasuwa. Tun 1992 gola ba ya kama ƙwallon da ɗan'uwansa ya mayar masa da ƙafa da gangan, dole ya buga da ƙafa. Tun 2019 kuma ɗan baya na iya karɓar bugun gola a cikin yadi na 18, abin da ya sa ƙungiyoyi da yawa suka koma fara wasa da gajeren fasin a bakin ragarsu. To ka ga an kawo nama kusa da bakin kura.

Yanzu ga inda ni da yarana muka ɓata. Ku 'yan Illela ba sai an kai ku Turai ba kafin ku gane. Ranar Lahadi ku je kara ku tsaya inda ake lodin shanu a tirela. In bijimi ya yi taurin kai, ba za ka ga mutum goma sun ruga masa ta gaba ba, in sun yi haka ta tsakaninsu zai fice, wataƙila ma ya tafi da wani a ƙaho. Ɗaya zai tsaya ta dama, ɗaya ta hagu, ɗaya a baya da igiya, a toshe ko'ina a bar masa ƙofa ɗaya tak, wadda ake so ya bi. Shi yana ganin hanya ya samu, alhali mota zai shiga. Haka ake matsi. Mai ƙwallo shi ne bijimin, kuma aikin farko shi ne rufe ƙofofi. Karɓe ƙwallon na zuwa ne daga baya.

Mu ɗauki tsarin 4-3-3, wanda shi ne ya fi sauƙin koyar da wannan: 'yan baya huɗu, 'yan tsakiya uku, 'yan gaba uku.

Lamba tara shi ne mai buɗe farauta. A ce gola ya bai wa ɗan bayansu na dama. Lamba tara ba zai nufe shi kai tsaye ba. Zai yi gudu mai lanƙwasa, kamar lauje, ya biyo ta tsakanin 'yan bayan biyu, yadda jikinsa zai tare hanyar mayar da ƙwallo ga ɗaya ɗan bayan. Da wannan gudu ɗaya ya raba fili biyu, ya kashe rabi. Ku riƙe wannan da kyau: duk ɗan wasan da ke bayanka, wanda jikinka ya tare tsakaninsa da ƙwallo, yana cikin inuwarka, kuma wanda ke cikin inuwarka kamar ba ya fili ne. Mutum ɗaya mai hankali na iya matsa wa ɗaya ya kuma ɓoye ɗaya. Wannan shi ne aikin da Firmino ya yi wa Liverpool shekara da shekaru, 'yan gidan kallo suna zaginsa wai lamba tara ne da ba ya ci. Ku duba Osimhen ma. Kowa na maganar ƙwallo 26 da ya ci a gasar Italiya lokacin da Napoli ta ɗauki kofi a 2023, amma ku lura da shi lokacin da ƙwallo ba ta ƙafarsa, yadda ba ya barin gola ko ɗan baya ya ɗaga kai cikin natsuwa.

'Yan gefen gaba, lamba bakwai da sha ɗaya, su ne masu barin ƙofa. Wanda ke ɓangaren da ƙwallo take zai ɗan shigo ciki, ya toshe hanyar tsakiya, ya bar ɗan bayansu na gefe a buɗe da gangan. Mai ƙwallo ya duba hagu lamba tara ya rufe, ya duba tsakiya an rufe, sai ya ga ɗan'uwansa a bakin layi shi kaɗai. Zai ba shi. Tun ƙwallo na kan hanya, kafin ta isa, ɗan gefenku ya riga ya tashi. Wanda ya jira sai ta isa sannan ya fara gudu ya makara.

Me ya sa bakin layi? Domin wanda ke tsakiyar fili na iya juyawa ko'ina, gabas da yamma, kudu da arewa. Wanda ke bakin layi an riga an ƙwace masa rabi, in ya matsa taku ɗaya ƙwallo ta fita. Layin nan ɗan wasanku ne na goma sha biyu, ba ya gajiya, ba a kuma yanke shi.

Ɗaya ɗan gefen, na can nesa da ƙwallo, kada ya tsaya kallo. Ya shigo tsakiya ya tsaya kusa da ɗan bayan da lamba tara ya ɓoye, ko da za a ɗaga ƙwallo a juya wasa.

'Yan tsakiya biyu na gaba, lamba takwas da lamba goma, su ne suka fi kowa shan wahala, kuma a wurinsu ake ci ko a faɗi. Ɗan bayan da aka ritsa a bakin layi ba shi da mafita sai ɗan tsakiyarsu da zai zo karɓa. In lamba takwas ɗinku na manne da bayan wannan mutumin, tarko ya rufe. In yana mita goma a baya yana gyara safa, fasin ɗaya ya wuce 'yan gabanku uku, duk gudunsu ya tashi a banza, kuma yanzu ku bakwai ne kuke tare mutum takwas ko tara. Lamba shida kuwa ba ya zuwa farauta. Shi ne mai gadin ƙofar baya, yana tsaye gaban 'yan baya yana tsince duk abin da ya kuɓuce. A ranar Konni lamba shida ɗina ya bi sahun jama'a saboda ni na ce kowa ya bi ƙwallo, kuma ramin da ya bari nan aka yi ta zuba mana.

Sai 'yan baya huɗu, kuma ina zargin nan ne matsalarku take, ko da yake ban ga wasanku ba. Ɗan baya a makaranta yana son ya ji gola kusa da shi. 'Yan gaba sun haura, 'yan tsakiya sun bi su, shi kuma ya kafe a bakin yadi na 18 ɗinsa. Sai fili ya buɗe a tsakani, mita arba'in babu kowa. Sacchi ya kasance yana so kada tsakanin ɗan bayansa na ƙarshe da ɗan gabansa ya wuce kimanin mita 25, kuma yakan sa su Baresi da Maldini su yi atisaye babu ƙwallo, suna matsawa gaba da baya, dama da hagu, tare, kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. In 'yan gabanku na bakin yadi na 18 ɗin abokan karawa, wajibi ne 'yan bayanku su kasance a kan layin tsakiya. Gola shi ma ya fito daga raga ya tsaya wajen bakin yadinsa, don ya riga kowa isa ga ƙwallon da aka jefa baya.

Kuma ba kowane lokaci ake tashi ba. Akwai alamun da ake jira. An mayar da ƙwallo baya. An yi fasin mai sanyi da ke tafiya a hankali. Mai karɓa ya tare ta ta yi tsalle ta bar ƙafarsa. Ƙwallo ta zo masa a sama sai ya sauke ta tukun. Ya karɓa yana fuskantar ragarsu. Ko an ba shi a ƙafar da ba ya so, wanda a matakinku kusan kullum hagu ce. In aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, mutum ɗaya ya yi kira, kowa ya tashi a tare. In kuwa mai ƙwallo ya tare ta sumul, ya ɗaga kai yana kallon gaba, babu wanda ke kusa da shi, to ba lokacin haurawa ba ne. A ja baya taku biyar, a matse, a jira wata damar.

Akwai kuma matsin da ake yi nan take bayan an rasa ƙwallo, wanda Jamusawa suka fi shahara da shi. Wanda ya ƙwace maka ƙwallo yanzu-yanzu kansa na ƙasa, numfashinsa na sama, bai riga ya ga inda 'yan'uwansa suke ba. Daƙiƙa biyar ko shida na farko su ne lokacin da ya fi rauni. Mutum biyu ko uku mafi kusa su rufe shi. In an karɓe, madalla. In daƙiƙun sun wuce ba a karɓe ba, kowa ya koma wurinsa da gudu. Abin da nake gani a filayenmu shi ne yaro ya rasa ƙwallo ya tsaya ya ɗora hannu a ka, ko ya juya yana yi wa wanda ya ba shi fasin faɗa. Wannan tsayuwar ita ce ke kashe ƙungiya.

To, abin na da haɗari, kuma ba zan ɓoye muku ba. Wanda ya haura da 'yan bayansa zuwa layin tsakiya ya bar rabin fili a bayansa babu kowa. Ranar 4 ga Oktoban 2020 Liverpool, tana riƙe da kofin Firimiya, ta je gidan Aston Villa aka yi mata 7-2. Matsin gaba ya yi sanyi, 'yan baya kuma suna can sama, sai Grealish da Watkins suka yi ta bi ta bayansu. Ku tuna kuma ƙwallo ta biyu da Ahmed Musa, tsohon ɗan wasan Kano Pillars, ya ci Iceland a Kofin Duniya na 2018. Sun hauro neman farkewa, Omeruo ya ɗaga doguwa ta gefen hagu, Musa ya tsere wa ɗan baya, ya yanke gola, ya zura. Duk ƙungiyar da ke da yaro mai irin wannan gudun, doguwar ƙwallo ɗaya ta ishe ta maganinku, muddin kuka bar mai bugawa ya ɗaga kai.

Idan an yi shi daidai kuwa, ƙaramin na iya kayar da babba. Ranar 22 ga Nuwamban 2022 a Qatar, Saudiyya ta Herve Renard ta haura da 'yan bayanta a gaban Ajantina ta Messi, wadda ta yi wasa 36 ba a doke ta ba. A zagayen farko kaɗai an soke wa Ajantina ƙwallo uku saboda satar gida. Aka dawo hutu Saudiyya ta ci biyu, aka tashi 2-1. Sai dai ka lura, ƙanena: a can akwai mataimakan alƙalin wasa biyu da tuta, akwai na'urar VAR. A filinku fa? Alƙalin wasa ɗaya ne, wataƙila malamin lissafi ne da aka roƙa, yana tsakiyar fili, babu mai tuta, in ma akwai to ɗan aji ɗaya ne riƙe da reshen dogonyaro. Kada ka gina tsaronka a kan cewa za a busa satar gida. Ka ɗauka ba za a busa ba. Saboda haka ɗan bayanka mafi gudu ya riƙa zama taku biyu ko uku a bayan sauran, kuma duk lokacin da mai ƙwallo ya samu sarari zai ɗaga, 'yan baya su juya su fara gudu tun kafin ya buga. Ka kuma tuna babu satar gida a bugun gola, ko jifa, ko kwana, ko ga wanda ke cikin rabin filinsu lokacin da aka buga masa.

Abu na biyu da ya bambanta ku da Anfield shi ne abokan karawarku. Duk tarkon da na zayyana a sama an yi shi ne don ƙungiyar da ke fara wasa da gajeren fasin. Golan makaranta sau nawa yake yin haka? Yawanci ɗaga ta yake yi iya ƙarfinsa. In haka abokan wasanku na ƙarshe suke, tura mutum shida bakin yadinsu ɓata ƙarfi ne. Ku tsaya inda ƙwallo za ta sauka. Ɗaya ya yi tsalle, uku su kewaye wurin suna jiran inda za ta faɗo, domin wanda ya ci wannan ƙwallo ta biyu shi ke da wasa. Matsinku sai ya koma kan jifa a gidansu, da ƙwallon da aka mayar baya, da daƙiƙu shidan nan na bayan rasa ƙwallo. Ka aika mutum biyu su kalli atisayensu ko ka tuna wasanninsu na baya: wa ke tsoron ƙwallo cikin 'yan bayansu? Kowace ƙungiya na da shi. Shi za ku bar wa ƙofa.

Filinku kuma na taimakonku ta wata fuskar. A kan rairayi da tsakuwa ƙwallo ba ta tafiya yadda aka aike ta, takan tsaya a hanya ko ta yi tsalle. Alamun da ƙwararru ke jira minti biyar kafin su ga ɗaya, ku kusan kowane fasin na uku za ku gani. In lokacin hunturu ne kuma iska na kaɗawa daga arewa maso gabas, kyaftin mai wayo yakan duba ta kafin ya zaɓi gida. Zagayen da iska ke bugun fuskar golansu, doguwar ƙwallonsa ba za ta yi nisa ba, shi ne zagayen matsi.

Abu na uku shi ne rana, kuma a nan ba wasa nake yi ba. Ƙwararren ɗan tsakiya na yin kilomita goma zuwa sha biyu a wasa ɗaya, amma a ƙasa mai sanyi, da likita, da mai kula da abincinsa, da damar canza mutum biyar. Ku kuna ƙasar Sakkwato, inda zafi ke haura digiri 40 a bazara, kun yini a aji, wani ma tun kunun safe bai sa komai a ciki ba. Babu ƙungiyar makarantar da za ta yi matsi daga farko har ƙarshe a wannan yanayin, kuma kyaftin ɗin da ya tilasta haka yana wasa da lafiyar abokansa. A sha ruwa tun da rana, kada a bari sai an ji ƙishi. Duk wanda ya ce yana ganin jiri, ko kansa na sarawa, ko ya fara magana ba kan gado, a fitar da shi a kai shi inuwa, a zuba masa ruwa a jiki, a kira malami nan take. Yaran nan biyu da suka nemi canji ba ragwaye ba ne, kada ka bari a yi musu gori. Kuma na san akwai masu raɗa wa yara cewa wata ƙwaya na hana gajiya. Gajiyar na nan, ƙwayar hana ka jin ta kawai take yi, har jiki ya kai inda zai faɗi ba tare da ya yi maka gargaɗi ba. In wani ya kawo ta ƙungiyarka, ka gaya wa malamin wasanni ko da shi ne mai ci muku ƙwallo.

Amsata ke nan: kada ku bari, amma ku rage. Ku yi matsi mai ƙarfi minti goma na farkon kowane zagaye, da minti biyar bayan duk ƙwallon da aka ci, ko ku kuka ci ko ku aka ci. Sauran lokacin ku dawo tsakiyar fili, 'yan gefe su sauko kusa da 'yan tsakiya ku zama 4-5-1, ku matse, ku huta da ƙwallo in tana ƙafarku. Masu cewa a koma tsaron gida suna da rabin gaskiya, ka gaya musu haka a gaban kowa, za ka ga rigimar ta yi sauƙi.

Ba a fafe gora ranar tafiya, ga abin da za ku yi da mako ukun nan. A mako na farko ku yi irin na Sacchi. Ku goma ku tsaya a wurarenku, mutum ɗaya ya riƙe ƙwallo a hannu yana yawo da ita a fili, duk inda ya nufa ku matsa tare, in ya koma baya ku haura, in ya ɗaga hannu kamar zai jefa ku ja baya. Za a taru ana yi muku dariya, ku ƙyale su. Minti goma sha biyar kullum ya isa. A mako na biyu ku shata fili taku ashirin da taku ashirin, mutum biyar su riƙe ƙwallo, uku su farauce ta, kuma kada a ƙirga wa masu farauta maki sai sun karɓe ta a bakin layi. A mako na uku ku yi wasa shida da shida da doka ɗaya: ƙwallon da aka ci cikin daƙiƙa goma bayan an ƙwace ta, biyu ce. Kwana biyu kafin wasa a huta.

Ku kuma zaɓi kalma ɗaya ta tashi da kalma ɗaya ta komawa, gajeru, waɗanda za a ji cikin hayaniya. Mai kiran ya zama lamba shida ko ɗan baya na tsakiya, domin su ke ganin fili duka. Lamba tara bayansa yake bai wa jama'a, bai san ko an biyo shi ba. In kai ne lamba tara, to ka haƙura ka bar wa wani kiran ko da kai ne kyaftin.

Mu dai da muka koma atisaye bayan kunyar Konni, kalmar tashinmu ita ce "kara", ta komawa kuma "gida". Ramuwar da muka shirya ba ta yiwu ba, an rufe boda kafin ranar ta zo. Ka rubuto mana yadda taku ta kaya, da wanda kuka bar wa ƙofa.